Titin Da Iyayenmu Suka Yi Talla Ba Shi Ne Na Yau Ba

   

Yau dai ba girki ba kwalliya, maganar titi na zo mana da ita. Na san tun kafin in rufe baki wata ta taɓe nata, tana cewa, "Haba Anti, mu da muke jiran ki koya mana kalaman da ke hana saurayi barci, ina ruwanmu da kwalta?" Ki yi haƙuri ƙanwata, ki biyo ni a sannu. Kwaltar nan da kike rainawa ta ci karatun 'yan mata da yawa, ta ci auren wasu, kuma in kin duba gidanku ko na maƙwabta da wuya ki rasa wata 'yar ƙanwa da ake ɗora wa tire kullum a tura ta can.

Titin da nake nufi shi ne babban titin nan da ya taso daga Funtua, ya keta ta garinmu Bakori, ya miƙa Malumfashi, daga can ya nufi Katsina. Mu dai "bakin titi" muke cewa, kowa ya gane. Abin da ya sa na ɗauko zancensa kuwa, wata magana ce da kunnena ya gaji da ji a bakin iyayenmu mata. Duk ranar da aka ce a rage tura yarinya talla, ko a bar ta ta gama makaranta tukuna, amsar ba ta sauyawa: "Mu ma nan da kuke gani mun yi talla, me ya same mu? Da tallar muka yi kayan ɗakinmu." Gaskiya suka faɗa, sun yi. To amma a kan wane titin?

Mu faro daga zamanin kakanninmu. Wannan yanki namu auduga ce ta fito da shi, ko kaɗa kamar yadda tsofaffi ke cewa. Turawan Ingila na buƙatarta don masaƙunsu, shi ya sa kamfaninsu mai suna B.C.G.A. ya kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi. Sunan nan ne bakin Bahaushe ya murɗe ya koma "Bisije", kuma har gobe in kin sauka Funtua kin ce a kai ki Bisije, ɗan acaɓa ba zai tambaye ki ina ne ba. Aka kuma ja layin dogo daga Zariya, ya biyo ta Funtua da Gusau, ya tiƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Ke nan audugar ƙauyukanmu da gyaɗarsu sai sun hau hanyar nan kafin su ga jirgi.

Kakata ta wajen uwa a farkon shekarun 1960 ta yi tata tallar, kuma in ta fara ba da labari sai ki rantse a wata ƙasar aka yi. In sanyi ya shigo aka buɗe fuloti, wato inda ake awon auduga, tun da sassafe za ki ga jakuna sun jeru, kowane da ƙunshi fari fat a bayansa. Malamin auduga na dubawa yana raba lamba ɗaya da lamba biyu, ana ɗorawa a sikeli, akawu na rubutu, ɗan doka na tsaye yana muzurai. Manomi ya karɓi sulallansa, ga yunwa na cinsa, ga kuma 'yan mata a inuwar ceɗiya da fura da ƙosai da dafaffiyar gyaɗa da goro. Ciniki na kwabo da taro da sisi. Mota kuwa ana iya ƙirga waɗanda suka wuce a wuni, motocin katako ne masu nishi, tun suna nesa ake jin kukansu, har kaza ta samu damar tsallakewa a natse.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarinta. Ta ce da ni, "Ke kishiya, wa zai sayi furata bai san gidanmu ba? In na tsaya wasa da wani a fuloti, kafin in kai gida labari ya riga ni, tsumagiya na jira na a zaure." Kin ji fa. Mai saye ya san ubanta, ya san wanda aka yi wa alkawarinta, in ya yi mata maganar banza yau, gobe da wane idon zai gaida tsohon a masallaci? Gari kaf ido ne a kanta. Kafin la'asar ta yi sanyi an koma gida. In kuma an fita da dare to dandali ne, cikin unguwa, a farin wata, ƙawaye rututu, ana tashi daga kiɗa kowa ta nufi gida da rakiya.

Kada wata ta ce na ce zamaninsu aljanna ne. Ina! Su ne aka aurar suna shekara 12 ko 13, ba su san ƙofar aji ba, kuma mace nawa ta tafi a kan gwiwa don babu motar da za ta kai ta asibiti? Ni kam ko da kuɗi ba na so a mayar da ni can. Magana ɗaya nake yi, titinsu na 'yan gida ne.

Af, tunda ana zancen auduga, kun san ita ce sanadin zaman marigayi Alhaji Mamman Shata a Bakori? Wani ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e na sayen auduga da gyaɗa a garin shi ya jawo shi. A Bakori ya yi aurensa na fari, ta hanyar nan yake fita yawon waƙa da makaɗansa har sunansa ya cika Kano, sai wajen 1960 ya koma Funtua, inda ya yi zamansa har ƙarshen rayuwarsa a 1999. In 'yan Funtua sun fara yi mana kuri da shi ku tuna musu daga ina suka karɓe shi.

Sai shekarun 1970 suka zo suka birkita komai cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. A 1972 aka sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama, a 1973 naira ta kori fam da sule. Fari ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975 ta karya noman gyaɗa a Arewa. Daidai nan ne gwamnati da Bankin Duniya suka kawo babban shirin noma na Funtua, wanda ya haɗa har da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. Shi ya watsa takin zamani da sabon irin masara, ya fasa hanyoyin burji zuwa ƙauyuka. Masarar da a da ake shukawa bayan gida don yara su gasa, sai ga ta ta zama ta buhu, ta cika rumbu ta cika kasuwa. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, fuloti ya rasa uban gida, auduga ta koma hannun 'yan kasuwa, daga baya da masaƙun Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya sai ta ƙara ja da baya.

To me duk wannan ya yi wa titi? Jaki ya ba babbar mota wuri. Mai sayen masara daga Ibadan ya taso ko Anaca, direbansa daga wani garin, ga yaron mota, ga ɗan kamasho, ga dillali. Kuɗi sun ƙaru, ba ƙarya, gidajen kwano suka fara tashi a gefen hanya. Amma mai sayen gyaɗar yarinya yanzu bai san ubanta ba, kuma ba a garin zai kwana ba.

A cikin waɗannan shekaru ne, zamanin Janar Yakubu Gowon, gwamnatin tarayya ta kafa kwalejinta ta 'yan mata a Bakori. Wannan kam in na tuna sai in ji wani abu ya tokare ni a ƙirji. Duk ranar komawa hutu motoci ne ke shigowa ta titin nan ɗauke da 'yan mata daga Legas, daga Inugu, daga Binuwai, daga Kaduna, kowace da akwatinta da bokitinta. Iyayensu sun yi tafiyar wuni guda ko fiye don su kawo su garinmu neman ilimi. Da mota ta rage gudu kuma su wa ke rugawa su cusa tire ta taga? 'Yan matan garin, tsararrakin waɗanda ke cikin motar. Ɗaya ta miƙa kuɗi, ɗaya ta miƙa rake. Shekara 15 bayan nan ta cikin motar ta zama likita ko lauya, mai raken kuma ta haifi wadda za ta gaje ta a tagar. Akwai 'yan gari da suka shiga makarantar, Allah Ya saka wa iyayensu da alheri, amma ki ƙirga su ki ƙirga masu tire ki gani. Rijiya a ƙofar gidanmu, na nesa na zuwa da guga suna ɗiba, mu muna sayar musu da igiya.

Zamanin mahaifiyata kuma, wato ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, shi ne zamanin da titin ya yi ado. An ba mu Jihar Katsina a 1987, Bakori ta samu ƙaramar hukumarta a 1989, ga ma'aikata ga albashi, ga Fijo ga Basfa. Shagunan kaset suka buɗe suna sakin kiɗa tun safe, 'yan acaɓa suka kafa tasha, masu littattafai suka baje kolinsu. Lokacin ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito, a 1991, sannan a 1994 Anti Bilkisu Funtuwa, tamu ta nan kusa, ta saki Allura Cikin Ruwa. Mahaifiyata ta ce akan karɓi littafi haya a bakin titi, a ɓoye shi ƙarƙashin faifan da aka rufe kayan talla, a karanta a inuwa kafin mai saye ya zo. Waɗanda ba su iya karatu ba su kewaye mai karantawa, har wasu kishi ya sa suka koyi haɗa baƙi. Don haka masu cewa littattafanmu ne suka lalata 'yan mata, su dai bi a hankali.

Amma a zamanin ne kuma kayan ɗaki suka haukace. Kakata da ƙorai da tasoshi da 'yan kwanoni aka kai ta, ta kuma zauna lafiya. Ana zuwa kan 'ya'yanta sai samira da fanteka da tangaran, jere har rufi, sai kabet, sai gadon fomeka. Mu kuma namu ya wuce nan, sai kujeru saiti, sai firji, sai kayan kicin da amarya ba ta ma san sunan wasu ba. To wa zai biya? Uba ya ce shi gado da katifa ya sani. Uwa tana cikin gida ba ta fita. Sai a waiwayi tire. Tallar da a da ake gamawa da la'asar ta koma sau biyu a rana, ta koma sau uku, ta ci lokacin boko, ta ci na Islamiyya, ta shiga dare.

Nan ne mai mota ya shigo labarin, kuma ƙannena ina so ku buɗe kunne da kyau. Ba ya zuwa da fuskar mugu. Zai faka can gefe inda haske bai kai sosai ba, ya sauke gilashi rabi, ya yafito ki. "'Yan mata, duka nawa ne?" Ki ce kaza. Ya ba ki har da ƙari, ya ce ki riƙe canji, kayan ma ki raba wa almajirai. Ranar kin koma gida da wuri, tire wayam, Inna ta yi ta sa miki albarka, ta ce ai ke kanki da farin jini. Gobe ya dawo, jibi ya dawo. Ba wanda ya tambaya wane ne wannan mai juye tire kullum, shi ba mai gidan abinci ba, ba mai biki ba. Sati biyu sai ya ce rana ta yi zafi, ki shigo ki zauna a ba ki kuɗin a ciki. Daga nan kuma ba sai na ƙarasa ba, mu duka mun san gidajen da aka yi kuka a ɓoye, aka tura yarinya ƙauye wajen gwaggo "hutu". Shi kuwa ya tada motarsa, titi ya haɗiye shi, ko sunansa na gaskiya ba a sani ba. Wa za a kai ƙara wajen mai unguwa? Lambar mota? Yarinyar da aka cire daga aji uku na firamare ce za ta karanta ta?

Kuma wallahi abin da ke ba ni haushi, ranar da ta fashe uwar da ta ƙirga kuɗin nan da murna ita ce ta farko wajen ɗora hannu a ka, tana cewa yarinya ta ja mata abin kunya. Yo Inna, da kika ga ribar wuni uku a wuni ɗaya, daga sama kika zaci ta faɗo?

Yanzu ki fito ki tsaya a bakin titin da yamma ki kalla da idonki. Tireloli na wucewa ƙasa na girgiza, ƙananan motocin haya na tsere kamar an biyo su, babura ta ko'ina, Keke Napep na kutsawa. Ga gidajen mai, ga shagunan cajin waya, ga masu POS a ƙarƙashin lema, ga gidan kallon ƙwallo ana ihu, ga mai shayi da Indomie. Fura da ƙosai na nan, amma awara ta zo ta yi sarauta, tunda waken suya ya samu gindin zama a gonakinmu. A cikin wannan hayaniya yarinya 'yar shekara 9 ke tsallaka kwalta a guje da tire a ka, idonta na kan mai miƙo kuɗi, ba ya kan motar da ke tafe.

Waya kuma ta ƙarasa abin da ya rage. Tun da aka kawo ta ƙasar nan a 2001 ta bi gari gari har ta shiga kowane ɗaki. Mai mota na zamanin mahaifiyata sai ya yi ta sintiri, har wani dattijo ya lura da shi. Na yau sau ɗaya zai tsaya, ya karɓi lamba, in babu wayar ma ya saya mata. Sauran zancen a ƙarƙashin bargo za a yi shi, Inna na barci a gefe.

Ga kuma abin da ko a mafarki kakanninmu ba su gani ba. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabtanmu. A Fabrairu 2023 mutanen ƙauyukan Bakori suka bi sawun shanun da aka kora, aka yi musu kwanton ɓauna a dajin 'Yargoje, 'yan sanda suka ce mutum 41 aka rasa, Allah Ya jiƙansu. A Fabrairu 2025 har gida aka bi Janar Maharazu Tsiga mai ritaya a garin Tsiga aka tafi da shi, sai a watan Afrilu ya dawo. Mutanen ƙauyuka da yawa sun baro gonakinsu sun dawo garuruwan bakin hanya, shi ya sa baƙin fuska suka ƙaru, masu tire ma suka ƙaru, don wanda ya baro rumbunsa da me zai ci? Manya-manyan maza masu mota na duba agogo, suna gudun kada dare ya yi musu a hanya. A daidai wannan lokacin mu kuma muke da yarinya a bakin titi tana jiran sauran awara biyar su ƙare, don an ce kada ta dawo da kwantai.

Bari in ɗan ba ku dariya kada zuciya ta yi nauyi da yawa. Kun tuna Satumba 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda tsaro, har da Bakori da Funtua da Malumfashi? An sha wuya, ciniki ya tsaya, ba ka jin ɗan uwanka. Amma fa a makonnin nan ne wasu iyaye maza suka fara ganin fuskar masu neman 'ya'yansu. Samarin da suka shekara suna "kin ci abinci?" ta waya, dole ta sa suka wanke kaftani suka zo zaure suka yi sallama. Masu gaskiya suka zo. Waɗansu kuwa tun da sabis ya ɗauke suka ɗauke tare da shi, har yau ba a gan su ba. Wata ƙawata ta ce ita kam gwamnati ta yi mata tankaɗe da rairaya kyauta.

To, kada a ce na ɗora wa iyayenmu mata laifi duka. Na san halin da ake ciki. A farkon 2023 aka yi canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace, mai ƙosai ta wuni ba ta ga ko ɗari biyu a hannu ba. A ƙarshen Mayun shekarar aka cire tallafin mai, kwanon masara da man gyaɗa da kuɗin mota suka tashi sama. Matar da aka bar wa kuɗin cefanen da ba zai kai azahar ba, ga 'ya'ya bakwai, ga ba ta fita, tiren nan shi ne ƙofarta ɗaya tilo zuwa kasuwa. Ba mugunta ce ta sa ta ba. Kuma sana'a ba abin kunya ba ce, marigayiya Barmani Choge ta Funtua har ta koma ga Allah a 2013 tana zaburar da mata a kanta, mun kuma ji mun karɓa. Tambayata ita ce, dole sai da ƙafar yarinya sana'ar za ta yi tafiya?

Iyaye maza fa? Da yawansu a bakin titin nan suke da majalisa. Yana zaune a benci ana musun siyasa, 'yarsa ta wuce ta gabansa da tire ƙarfe tara na dare, ya kauda kai kamar bai gani ba. In an yi magana ya ce harkar mata ce. Baba, da girmanka, in ta ɓaci sunan wa za a kira, nata ko naka?

Sai mu, 'yan matan da ake tara wa kayan. Nan ne nake ganin muna da ta cewa fiye da yadda muke zato. Ke da aka sa wa rana, kin san kujerun da kika nace sai irin na wance, ƙanwarki ce ke biyansu da ƙafarta da karatunta? Ki samu Inna a ɗaki cikin ladabi ki ce, "Inna, a rage. Abin da ya samu ya isa, a bar Auta ta koma makaranta." Za ta yi faɗa, za ta ce so kike dangin miji su raina ta. Ki haƙura ki sake komawa gobe. Dangin miji kwana bakwai za su yi suna kallon jere su watse, Auta kuwa da abin da aka yi mata za ta tashi.

Ke kuma mai waya a hannu, da kike ƙarar da kati wajen kallon rawar mutane, kin san wayar nan tire ce? Mata nawa ne yanzu a Funtua da Malumfashi da nan Bakori ke sayar da turaren wuta da atamfa da cincin da dambun nama daga cikin ɗakinsu, a ɗora hoto a WhatsApp, a turo kuɗi, ɗan acaɓan da aka sani ya kai? Ki ɗauki hoton awarar Inna. Ki nemo mata masu shago biyu ko uku da za su riƙa sara, yayanku namiji ya kai musu da safe. Ba zai maye gurbin tire rana ɗaya ba, amma ko tallar dare kaɗai ya kashe an rage asara. In kuma dole sai an fita, to a fita bayan an taso makaranta, a tafi su biyu ko uku, a tsaya cikin unguwa inda aka san su, kiran magariba ya same su a gida, sannan duk wanda ya ce a zo jikin mota a karɓi kuɗi a ce masa ya sauko.

Ni ba gaba nake da titin nan ba. Shi ne yau ke kai mai naƙuda asibitin Funtua cikin 'yan mintoci, abin da kakata ba ta samu ba. Da safe in na ga malamai mata da ma'aikatan jinya sun fito cikin hijabansu suna tare Napep za su wajen aiki, ko na ga budurwa zaune a shagonta tana lissafi da biro, raina fari yake yi tas. Su ma a bakin titin suke neman abincinsu, amma da rana, da takarda a jaka, kuma ba mai yafito su da yatsa daga cikin mota.

Ina so 'yan uwa na Zariya da Kano da Gusau da Katsina, har da na Maraɗi da mujallar nan ke isa gare su, kowace ta zauna da kakarta ko gwaggonta ta tambaye ta yadda titin unguwarsu yake a da, me ake sayarwa, wa ke saye, ƙarfe nawa ake komawa gida. Ku rubuto mini ta ofishin mujalla, zan zaɓi wasu mu karanta tare a nan. 'Yan makaranta kuma ku faɗa mini gaskiya, a ajinku mutum nawa aka fara da su a aji ɗaya, nawa suka rage yanzu, sauran ina suka tafi.

Masu tambayar ci gaban littafina, ku ƙara haƙuri, kashi na biyu na hannun mai bugawa, tsadar takarda ce ta riƙe shi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. A gaida Inna, a ce ina ba ta haƙuri in na yi zafi.

Taku har kullum.